La'ada

A kantin Mushe Kuwang, bayan Katako,
sama da kwalayen injin ban-ruwa,
akwai wani hoto da ƙuda suka yi wa ɗige-ɗige.
Dattijo ne zaune, riga har idon sawu,
kitso ɗaya tal ya sauko ta kafaɗa,
hannunsa bisa allon lissafi
mai ƙwallaye jere kamar carbi.

Shekara shida ina shiga ina fita, ban tambaya ba.
Ran da aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya,
muna zaune gumi na bin wuya,
sai ya nuna shi da haɓa,
da Hausarsa mai ɗingishi:
"Kakan kakana. Aikinka ya yi."

Wai gab da ƙarewar sarautar ƙasarsu
Turawa suka kafa banki a bakin kogi,
ginin dutse, ƙofar ƙarfe,
amma ba su san wa ke biyan bashi ba,
wa ke rantsuwa da safe ya tsere da dare.
Shi ya sani.
Yakan ɗauki azurfa ya ƙwanƙwasa, ya kasa kunne:
ta gaske doguwar murya gare ta,
ta jabu tari take yi.
Ganyen shayi ya bi ta hannunsa, siliki ya bi.
In mai bashi ya gudu, gidansa ne jingina.
Cikin kowace ɗari, biyu nasa.

Da biyun nan ya sayi rabo a jirgin ruwa mai hayaƙi,
ya ja waya har garinsu,
ya gina makarantar koyon harshen masu bankin.
Mutanen gari suka zuba ƴaƴansu ciki,
suka kuma sa masa suna karen Bature.
Turawan kuwa, ran liyafa,
ta ƙofar baya ake miƙo masa nasa.

Na yi dariya, ba don abin ya ba ni dariya ba.

Ni Tankari ɗan Nomau, mutumin Tawa,
Faransancina a aji huɗu ya tsaya,
Sinancina kalma goma sha biyu, rabi duk ƙidaya ce.
Da su nake ɗora inji a kamiyo
ya kai wa masu albasa a Galmi.
Takardar banki in ta zo
ni ke karanta wa Alhaji Barmu,
ina tsallake layin da zai hana shi barci.
Bara albasa ta karye,
mutum uku suka kashe waya,
na sayar da filina na Saga na cike ramin.
Wannan ba a ba da labarinsa a Tawa.
Abin da ake faɗi: Tankari ya zama yaron Shinuwa.
Sai kuma bayan isha'i a aiko yaro,
wai a rage musu kuɗin sola.

Na ce, "To, ƙarshensa fa?"
Ya ce, "Sarki ya sauka, shi ya yanke kitso.
Banki ko yini ɗaya bai rufe ba."
"Kabarinsa?"
"Titi ya bi ta kai. Titi mai kyau."

Nan wuta ta dawo,
fanka ta yi gyaran murya ta ci gaba,
wayata ta yi ƙara: Barmu ne,
inji biyu yake so, biya sai an cire albasa.
Na dafe bakin wayar da tafi,
na faɗa wa Kuwang kuɗi,
na faɗa wa Barmu wani kuɗin,
tsakaninsu ga tuwon gidana.
Dattijon bango bai kau da ido ba.

Kafin in fita na lalubo dala ashirin a aljihu,
na ƙwanƙwasa ta a kan kanta,
na kasa kunne.
Ƙarar babura ta hana ni ji.